Tasha Mai Ƙarfin Dutsen Guga



Mako uku ke nan muna ja-in-ja a zumunta kan kuɗin da muka tara a bikin godiya. Wasu sun ce a sayi kyamara mai kyau domin a riƙa nuna sujadarmu kai tsaye a Facebook, wasu sun ce wayar da ake amfani da ita ta isa. Abin da muka lura shi ne, kowa ya tashi magana lissafi ɗaya yake kawowa, wato mutum nawa suka kalla makon jiya, nawa kuma za su kalla idan hoto ya ƙara kyau. Mu ma da ke wannan rubutu muna cikin masu lissafin, ba mu fi kowa ba. Amma kafin a ɗaga hannu ranar Asabar, muna roƙo ku ba mu aron hankalinku mu tafi wani gari mai nisa, mu ga wata ƙaramar tashar rediyo da ta sa muka fara shakkar lissafin nan namu.

Garin shi ne Memfis, a jihar Tenesi ta Amurka, a bakin kogin Misisipi. Fiye da rabin mutanensa baƙar fata ne, kuma gari ne da waƙar bishara ta yi saiwa a cikinsa. A nan hedikwatar ikilisiyar Church of God in Christ take, a majami’arsu ta Mason Temple kuma Martin Luther King ya yi jawabinsa na ƙarshe ranar 3 ga Afrilu 1968, washegari aka harbe shi. A nan Rabaran W. Herbert Brewster ya yi shekaru masu yawa yana kiwon ikilisiya yana rubuta waƙoƙi, har Mahalia Jackson ta rera ɗaya daga cikinsu a 1947 ta karaɗe ƙasar.

A cikin garin akwai tasha mai suna WLOK, a kan lamba 1340 ta matsakaicin zango, wanda ake kira AM. A 1977 wani ɗan jarida mai suna Art Gilliam ya saye ta, ta zama tasha ta farko a Memfis da baƙar fata ya mallaka. Daga shekarun 1980 ta koma kan waƙoƙin bishara, kuma a kansu take. Ƙarfin da take watsa shiri da shi wat 1,000 ne. In ba ku gane ƙanƙantar wannan ba, ku duba bayan dutsen guga na lantarki da ke ɗakinku, za ku ga lambar da aka rubuta ba ta da nisa da haka. Da ƙarfin da muke goge rigar zuwa sujada, da shi ake riƙe da masu sauraro shekara da shekaru.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A Amurka an ware lambobi shida, 1230 da 1240 da 1340 da 1400 da 1450 da 1490, domin ƙananan tashoshin gari, kuma kowace lamba tashoshi fiye da ɗari ne ke kanta a faɗin ƙasar. Da rana babu damuwa, domin zangon AM bin ƙasa yake yi, kowace tasha tana tsayawa a yankinta. Da dare kuwa yanayin sararin sama yakan sauya, sai ya riƙa dawo da siginar tashoshi masu nisa ƙasa, su yi ta hawa kan juna. Wanda ya ɗan yi nisa da gari ya murɗa rediyonsa zuwa ɗaya daga cikin lambobin nan, abin da zai ji kamar hayaniyar kasuwa ce daga nesa, muryoyi da yawa ba mai fita. Saboda haka masu sha’awar rediyo a can suka laƙaba wa lambobin nan suna maƙabarta. Mun yi dariya da muka ji sunan, domin mu dai mun san labari mafi daɗi da duniya ta taɓa ji daga bakin kabari ya fito.

To me ake ji a irin waɗannan tashoshi? Ba WLOK kaɗai ba, akwai irinta birjik a ƙananan garuruwan kudancin Amurka. Akwai waƙa, tsohuwa da sabuwa, ta ƙungiyar mawaƙa da ta maza huɗu ko biyar masu jera murya. Amma tsakanin waƙa da waƙa ne ainihin aikin yake. A nan ake sanar da rasuwa da ranar jana’iza. A nan ake faɗin ikilisiyar da ke bikin cika shekara, da wadda ke raba abinci ga mabukata, da ranar da za a rufe rajistar zaɓe. Mutum yakan buga waya ya ce a sa wa mahaifiyarsa waƙa kaza domin tana kwance, mai gabatarwa ya ambaci sunanta, ya ce a tuna da ita cikin addu’a. Ranar Lahadi ƙananan ikilisiyoyi sukan sayi minti goma sha biyar ko rabin sa’a, fasto ya yi wa’azi, kuma ikilisiyoyin baƙar fata na can suna da wata al’ada da ta burge mu: jerin sunayen marasa lafiya da waɗanda tsufa ko ciwo ya tsare a gida, wanda ake karantawa domin kada a manta da su. Ita WLOK har taron waƙoƙin bishara take shiryawa a fili kowace shekara, mai suna Stone Soul Picnic, shiga kyauta.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba. A Memfis ɗin nan dai akwai babbar yayarta, WDIA, wadda aka buɗe a 1947. Fararen fata biyu ne suka kafa ta, kasuwa ta ƙi, suna dab da rufewa. A watan Oktoba 1948 suka gwada ba wani malamin makarantar sakandare baƙar fata, Nat D. Williams, fili. Kafin shekara ta zagayo tashar ta koma yi wa baƙar fata shiri gaba ɗaya, ta farko a Amurka da ta yi haka, a 1954 kuma ƙarfinta ya kai wat 50,000. Abin da tsofaffi ke tunawa da ita bai tsaya ga waƙa ba. Takan sanar da yaron da ya ɓace, da mai neman a ba shi jini a asibiti, da wanda gobara ta cinye wa gida. Ta kuma tara kuɗi ta samar da motocin kai yara naƙasassu makaranta, a lokacin da wariyar launin fata ta bar su ba mai kai su. Mutanen da jaridun gari ba sa ambata sai in sun yi laifi, sai ga su suna jin sunansu a rediyo da girmamawa.

Ga ra’ayinmu, kuma mun san ba kowa zai yarda ba. Irin wannan ƙaramar tasha ta fi kusa da aikin ikilisiya fiye da yawancin abin da mu matasa muke kira hidimar yaɗa labarai a yau. Dalili kuwa, ta san waɗanda take yi wa magana.

Ku buɗe Romawa sura 16 ku gani. Bayan Manzo Bulus ya gama koyarwa mai zurfi, wadda masana ke ta rubutu a kanta har yau, sai ya ɓata kusan sura guda yana gaisuwa, mutum fiye da ashirin, kowa da sunansa, wannan ta yi wahala dominku, wancan an ɗaure mu tare, mahaifiyar wane ta zama mini uwa. Da yawanmu tsallake surar muke yi in muna karatun safe. Amma Ruhu Mai Tsarki bai ga ya kamata a cire ta ba. In da a rediyo ne, da mun ce filin gaishe-gaishe ne. A Yohanna sura 10 ma, alamar makiyayi na gaskiya ita ce yana kiran tumakinsa da sunansu, su kuma sun san muryarsa.

Yanzu mu dubi wayar da ke hannunmu. Ba mu raina ta ba, a kanta kuke karanta wannan. Akwai waƙoƙin yabo a cikinta fiye da waɗanda kakanninmu suka ji duk tsawon ransu, da sauti garau, ba ƙara ba shashsheka. Sai dai manhajar da ke zaɓo mana waƙa ba ta san an yi mana rasuwa ba. Abin da ta sani shi ne waƙar da muka saurara jiya, sai ta kawo mana ’yar’uwarta yau, gobe ma haka. Da sannu kowa ya shige ɗakinsa na yabo shi kaɗai, ya toshe kunne, ya kulle ƙofa. Mu ashirin za mu zauna a benci ɗaya, ba biyu da suka kwana da waƙa ɗaya a bakinsu. Mai sauraron ƙaramar tasha kuwa ba shi ke zaɓe ba. Dole ya jure waƙar tsofaffi kafin a sa tasa, tsohuwa ma ta jure gangunan matasa kafin a sa tata, kuma dukansu su ji cewa wane na unguwa kaza ya riga mu gidan gaskiya. Wannan juriya da muke gani kamar naƙasu, ita ce ke mai da masu sauraro jama’a guda.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a kasuwa gaskiya ne, kada ka sayi akuya da labari. Amma Bulus a Romawa 10:17 ya ɗora bangaskiya a kan ji ne. Akwai abin da kunne ke yi wanda ido ba ya yi. Mai kallo sai ya bar aikinsa ya zauna, kuma da ya zauna ya fara auna ɗinkin mai waƙa da takalmin fasto. Mai ji kuwa yana tuƙi, yana shara, yana gadin dare, yana kwance fuska ga bango saboda zazzaɓi, Maganar tana shiga. Makaho ba ya rasa komai a rediyo. Wanda bai iya karatu ba ma haka. Kuma ba a sayen data.

Kada mu yi kamar abin ba shi da aibi. Na farko, sautin AM ba shi da daɗi, wannan ba gardama. Tsawa in ta yi sai ta shiga, cajar waya da ƙwan fitila na zamani da wayoyin lantarki duk suna zuba masa ƙara, kuma garuruwa kullum ƙara cika suke da waɗannan. Mawaƙin da ya kwana a situdiyo yana gyara sauti zai ji haushi in ya ji yadda aikinsa ke fita. Na biyu, masu sauraro sun manyanta, matasan can ma irinmu ne, suna kan waya.

Na uku shi ne ya fi damunmu. Tashar da ke rayuwa da sayar da lokaci, wanda ya biya shi ke magana. Minti talatin ɗin da ƙaramar ikilisiya mai aminci ke saya, shi ne kuma mai sayar da man shafawa da ruwan mu’ujiza ke iya saya, ya zauna yana tatsar gwauraye da marasa lafiya, waɗanda su ne suka fi manne wa rediyon. Amincewar da ta sa tashar ke da daraja, ita ce mayaudari ke haya. Tun zamanin Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8 ake samun masu son haɗa baiwar Allah da ciniki, ba rediyo ya kawo su ba, kuma a intanet sun fi yawa sun fi sakewa. Amma ba za mu ce don tasha ƙarama ce kuma tana sa waƙar Yesu ta zama mai tsarki ba. A wurin wasu masu tashoshi, bishara layin kasuwa ne kawai, in wani layin ya fi kawo talla gobe za su sauya. Bambancin da muke gani ɗaya ne. Mai ƙaramar tasha da ke zaune cikin gari, in ya bar maƙaryaci ya cuci mutane, zai haɗu da ’ya’yan waɗanda aka cuta a wurin jana’iza ko a layin mai. Akwai ƙofar da za a buga masa. Wa za ka je ka samu in manhaja ta turo maka annabin ƙarya?

Wannan zama cikin gari shi ne abin da ke ɓacewa. A 1996 Amurka ta sassauta dokar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka, cikin ’yan shekaru kamfani guda ya tara fiye da 1,000. WDIA kanta tana hannun irin wannan babban kamfani yanzu. A 2017 hukumar sadarwar ƙasar ta soke sharaɗin da ya wajabta wa kowace tasha ta riƙe situdiyo a yankin da take yi wa aiki. Ke nan tasha na iya ɗauke da sunan gari, alhali babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinta, kwamfuta ce ke juya waƙa daga wata jiha. Tasha irin wannan ko da waƙar bishara take sawa dare da rana, ba ita muke karewa ba.

Ga kuma wahalar kayan aiki. Tashar AM tana bukatar fili, domin dogon ƙarfen nan shi kansa ne eriya, kuma a ƙarƙashinsa akan binne wayoyin tagulla da yawa, galibi 120, su bazu kamar saiwar itace. In gari ya faɗaɗa, filin yakan fi tashar kanta tsada, sai a sayar. Ɓarayin tagulla ma ba su bar su ba. Sai batun mota, inda Amurkawa suka fi sauraron rediyo. Wasu kamfanoni irin su Tesla da BMW da Volvo sun cire AM daga motocinsu masu aiki da lantarki, suna cewa injin na dama siginar. Ford ma ya yi shirin cirewa, sai ya janye a 2023 bayan an yi ca a kansa, a shekarar kuma aka gabatar da ƙudiri a majalisar dokokin ƙasar na tilasta a bar AM a cikin sababbin motoci.

Hujjar masu kare shi ita ce ranar masifa. A ƙarshen Satumba 2024 guguwar Helene ta afka wa yammacin jihar Karolina ta Arewa, wuta ta ɗauke, layin waya da intanet suka mutu a wurare da yawa. A garin Asheville wata tashar AM, ba ma ta bishara ba, ta ci gaba da aiki, mutane na sanar da inda ake samun ruwa, wasu na cigiyar ’yan’uwansu. Wanda ke da ƙaramin rediyo mai batir ya ji, wanda ya dogara ga waya kaɗai ya zauna cikin duhu biyu. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Wataƙila wani ya ce, to mu ina ruwanmu da Memfis? Ku tambayi iyayenmu. Da yawansu sun girma suna murɗa gajeren zango da yamma suna neman Rediyo ELWA, wadda mishan ta SIM ta buɗe kusa da Monrobiya a Laberiya a 1954, ko Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos, a watsa daga Adis Ababa tun 1963. A watan Maris 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar ta Adis Ababa, shekarar da Gilliam ya sayi tasa a Memfis. Yaƙin Laberiya kuma ya rushe ELWA a 1990. Waɗannan manyan tashoshi ne masu tsallake ƙasashe, ba irin wadda muke magana a kai ba. Amma ku lura da abin da tsofaffinmu ke ba da labari in an taɓo su. Ba ƙarfin na’ura suke tunawa ba. Wasiƙar da suka aika aka karanta suke tunawa, da ranar da aka ambaci sunan ƙauyensu.

Ba muna cewa mu tashi mu gina tasha ba. Kuɗin bikin godiya ko ƙafar eriya ba zai saya ba, kuma dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya a 1992 ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam’iyyar siyasa lasisi. Abin da muke cewa shi ne mu sauya tambayar da muke yi. Mun yi mako uku muna tambayar mutum nawa za su gan mu. Ba wanda ya tashi ya tambaya, su wane ne a ikilisiyar nan suka daina zuwa sujada saboda ƙafa ta ƙi, ko ido ya tafi, ko suna jinyar wani? Su nawa ne? A cikinsu wa ke da wayar da za ta buɗe Facebook, wa kuma zai saya masa data? Mun gwada lissafawa a tsakaninmu mu huɗu, muka kai sunaye tara, muka tsaya muna gardama ko wata Mama daga zumuntar mata tana nan ko ’ya’yanta sun ɗauke ta zuwa birni. Ba wanda ya sani. Wannan ya ba mu kunya ƙwarai, domin ita ce ta koya wa biyu daga cikinmu waƙoƙin farko a makarantar Lahadi.

Kyamara ba zunubi ba ce. ’Yan’uwanmu da ke makaranta nesa da waɗanda aiki ya kai wasu garuruwa suna amfana da shirin kai tsaye, sun kuma faɗa mana haka. Amma su suna da ikilisiya a inda suke, suna da ƙafa, suna da abokai. Wanda ke kwance a lungu bayan majami’a, yana jin ƙarar gangarmu ta taga ba ya jin kalma ko ɗaya, shi ba shi da wani wurin. A Matiyu sura 25, cikin abubuwan da Ubangiji ya ce zai tambaya akwai ziyarar marar lafiya, kuma ya ce shi aka ziyarta.

Saboda haka ga abin da za mu kawo gaban zumunta ranar Asabar, ku zo da gyara in kuna da shi. A raba kuɗin. Kashi ɗaya a sayi makirufo mai kyau domin sautin shirin kai tsaye ya gyaru, tun da yawancin ƙorafin da ake yi na sauti ne ba na hoto ba. Sauran a sayi ƙananan rediyoyin nan masu caji da ke karɓar katin memori, waɗanda ke cike a kasuwa. Kowace Lahadi a ɗauki wa’azi, da waƙoƙi daga Littafin Waƙoƙi waɗanda tsofaffi suka sani da ka, da sanarwar ikilisiya, sa’an nan ɗaya daga cikinmu ya ƙara gaisuwa a ƙarshe, ya kira kowannensu da sunansa. Kada a tura ta waya. Mutum biyu su kai da ƙafarsu ranar Litinin ko Talata, su karɓo katin makon jiya, su zauna ko na minti goma ne, su dawo da abin da za a sa a addu’a. Za mu nemi izinin Baba Fasto da dattawa kafin a fara, kuma za mu roƙi shugabar zumuntar mata ta duba jerin sunayen, domin su suka fi mu sanin gidajen.

Magatakarda zai zo da littafi. Wanda ya san wani da ya daɗe bai gani a sujada ba, ya zo da sunansa da kwatancen gidansa. Wanda kuma ya san inda Maman nan take yanzu, don Allah kada ya jira Asabar.